Shanun Ritayar Baba

Mahaifina ya yi ritaya a shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Taraba. Malamin dabbobi ne, cikin ƙananan ma'aikatan nan da ke bin rugage da akwatin allura ɗaure a bayan babur. Ba likita ba ne, amma Likita Fulani suke ce masa, shi kuma ya gaji da gyara musu tun kafin a haife ni. Shekarunsa na ƙarshe a aiki a kwata ya yi su, yana duba dabbobi kafin a yanka. A can an san shi da hali guda. In aka kawo saniya mai ciki, sai ya sa a mayar da ita. Mahauta sun yi ta ƙorafi, wasu har ƙararsa suka kai, bai canza ba.

A unguwar Sintali ta Jalingo muke zaune, a gidan da ya gina ɗaki bayan ɗaki. Yayyenmu mata sun yi aure, saura ni da ƙanwata, wadda kowa ke kira Auta. Mama tana sayar da doya a kasuwa. Ni kuma ban daɗe da fara aiki a gidan rediyo ba, ina fassara labarai, wani lokaci in karanta, a kan albashin da ba ya kai ni ƙarshen wata.

Da garatutin Baba ya fito, abokan aikinsa sun ba shi shawara iri-iri. Wani ya ce ya sayi motar haya, wani ya ce injin niƙa, wani ya ce ya bar kuɗin a banki ya riƙa cin riba. Ya saurari kowa, ya yi godiya, ya hau babur ya tafi kasuwar shanu ta Iware. Ya ce shi bai san mota ba, bai san inji ba, banki kuwa a zamanin nan ba a daɗewa ba a ji wani ya rufe da kuɗin mutane a ciki ba. Shanu ya sani. Ya sayi bijimai matasa huɗu da karsana biyu, ɗaya ja, ɗaya fara.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci ya zaunar da mu a gindin mangwaro ya bayyana shirinsa. Auta ta sami gurbi a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda a mota, karatun shekara huɗu. Ita ce ta farko a gidanmu da za ta kai can.

"Mazan na makaranta ne," in ji shi. "Matan na tsufana ne."

Kowace shekara, in za a buɗe makaranta, bijimi ɗaya zai tafi kasuwa. A lokacin jami'o'i a ƙarshen damina suke buɗewa, daidai sa'ad da shanu suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, tozo ya cika, farashi ya yi kyau. Wannan dacewar ce ginshiƙin lissafinsa. Karsanan kuwa ba za a taɓa su ba. Za su yi ta haihuwa, cikin 'ya'yansu ya ware maza biyu ya dandaƙe, ya koya musu jan garma, ya riƙa noma gonar da ya saya tuntuni a kan hanyar Iware. Fanshonsa bai fara zuwa ba tukuna, don fayil ɗinsa yana cikin waɗanda suka maƙale tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa, kuma bai sa rai da shi sosai ba. Abin da yake so shi ne in ƙarfinsa ya ƙare, a ce yana da garke komai ƙanƙantarsa, da rumbu, kada ya zauna jiran abin da 'ya'ya za su aiko.

Wanda ya riƙe masa shanun wani Bafulatani ne da muke kira Baffa. Sun san juna tun Baba yana saurayi, yana zuwa rugar mahaifin Baffa yin allura. Sharaɗinsu irin na kowa ne a wajenmu: nonon na mai kiwo ne, Baba kuma ya riƙa duba garken gaba ɗaya ba tare da an biya shi ba. Ba a rubuta komai ba. A gaban mutane Baffa Likita yake ce masa, in su biyu ne kuwa Kaɗo. Baba ya ce masa mai sanda. Hausar Baffa rabinta Fulatanci ce, saniya ma "shi" yake ce mata, Baba kuma Fulatancinsa na allura ne kawai, amma ban taɓa ganin sun kasa fahimtar juna ba.

Shekarar farko komai ya tafi yadda aka tsara. Ni na goya Baba a babur zuwa Iware. Bijimin ya yi ƙiba har fatarsa tana sheƙi, dillalai suka yi ta zagaye shi. Kuɗinsa ya biya rajista da ɗaki, ya sayi littattafai da akwati da risho, ya biya mota, har aka sami ragowar da aka sauya wa Mama kwanon rumfarta. A hanyar dawowa Baba yana ta waƙar coci a bayana, abin da ba ya yi sai ransa ya yi fari.

Kafin shekarar ta ƙare malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki. Ni na karanta labarin da bakina, Baba yana gida da rediyonsa. Da na dawo ya tambaye ni yaushe za su koma, kamar da ni aka shirya. Na ce ba wanda ya sani. Bayan kwana kaɗan Auta ta iso da akwatinta da rishonta.

Ta zauna wata da watanni. Tana bin Mama kasuwa, matan rumfunan kusa suna tsokanarta, suna cewa ga mai digirin doya. Da aka koma sai aka ƙarasa ragowar shekarar a gurguje, sabuwar shekarar karatu kuma ta faɗo a tsakiyar bazara.

Wanda bai san shanu ba zai ɗauka bijimi bijimi ne ko yaushe. A bazara ciyawa ta ƙare, garken ya gangara bakin Binuwai neman ɗanye, dabbar da ka sani a kaka sai ka wuce ta ba ka gane ta ba. Tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito. Dillalai kuma sun san duk wanda ya kawo sa kasuwa a wannan lokaci dole ce ta kawo shi. Sai da Baffa ya yi kwanaki yana koro bijimin daga bakin kogi, ya ƙara ramewa a hanya. Abin da aka taya bai kai rabin bukata ba, ga kuɗin komai ya tashi. Baba ya ce wa Baffa ya koma ya kawo na biyu kasuwa mai zuwa. Bijimai biyu suka tafi a shekara ɗaya.

Daga nan Baba ya ce ba za a sake yi masa haka ba. Da kaka ta zagayo ya sayar da bijimi na ƙarshe yana kan ƙibarsa, da farashi mai kyau, ya kawo kuɗin gida ya ajiye, ya ce su jira makaranta maimakon makaranta ta jira su. Dabara ce mai ma'ana, kowa ya yaba. Sai dai an sake rufe jami'o'in, wannan karon ya fi na farko tsawo, kuma a shekarun nan kuɗi ba ya ajiyuwa. Abin da ka saya yau, in ka koma bayan wata biyu sai ka ƙara rabinsa. Ban da haka, labari ya kai ƙauyenmu cewa Baba ya sayar da sa. Sa yana ruga ba mai cewa a yanko masa cinya, amma kuɗi a ɗaki kowa yana da dalilinsa. Yayan Baba ya rasu a lokacin, aka yi jana'iza irin tamu, wadda ake ciyar da gari guda, kuma shi ne babba a cikin waɗanda suka rage. Da aka buɗe makaranta, abin da ya saura bai fi kuɗin mota da abinci ba.

A nan aka fara taɓa na tsufa. Karsanan sun riga sun zama shanu, sun haihu. Akwai maruƙa maza biyu da Baba ya sa wa ido, har ya sa kafinta ya sassaƙa masa karkiya ya jingine a bayan ɗaki. Su suka fara tafiya. Kafin shekarar karatun ta ƙare, jar saniya ta bi su da 'yarta. Duk lokacin da za a kai wata kasuwa Baffa sai ya yi faɗa. Ya ce shi bai taɓa ganin karatun da ke cin nagge kamar kura ba, ya tambaya ko yarinyar littafin take ci ko nama. Baba ya ce ai shi ma ya ci rabonsa, shekara nawa yana shan nonon Kaɗo.

Karatun shekara huɗu ya shiga ta shida. Auta ta zo shekarar ƙarshe, buɗewar kuma ta sake faɗowa a bazara. A ruga saura farar saniya kaɗai, maraƙinta na baya ya mutu da rani. Tana da ciki.

Auta ta san lissafin kamar yadda muka sani. A lokacin sabuwar jiha tana ta ɗaukar ma'aikata, 'yan ajinsu na sakandare da yawa sun shiga ofis-ofis suna karɓar albashi, wasu sun yi aure. Wata safiya Baba yana wanke babur ta durƙusa gefensa ta ce tana so ta dakata. Za ta nemi aikin koyarwa, in ta tara kuɗi ta koma ta ƙarasa da kanta. Ta ce ba za ta iya ganin an fitar da ta ƙarshe saboda ita ba. Mama tana bakin murhu, na lura ta daina fifita wutar.

Baba ya ci gaba da goge ƙafar babur. Ya ce ya ga masu dakatawa da yawa a rayuwarsa, bai ga wanda ya koma ba. Sannan ya ɗago.

"In kin bari, shanun da suka tafi za su dawo ne?"

Ta ce a'a.

"To je ki wanke kayanki."

Ranar kasuwa muka tafi Iware, ni da shi. Baffa ya riga mu isa, yana tsaye a gefen kara riƙe da igiyar farar saniya. Ba ta rame kamar sauran ba, don ya riƙa ba ta dusa da harawa saboda cikin. Bai tsokani Baba ba ranar, gaisuwa kawai suka yi. Baba ya zagaya saniyar, ya buɗe bakinta, ya danna ƙugunta na dama da dunƙulen hannu ya tsaya yana jira. Ya ce da saukar ruwan farko za ta haihu.

A Iware masu kuɗi su ne masu lodin tirela zuwa Kudu, su kuwa nama suke saye. Dillali ya kawo ɗaya daga cikinsu, wani mai fara'a da jaka a hammata. Ya dubi saniyar sau ɗaya ya yi tayi, tayin da ya ba mu mamaki a irin wannan lokaci. Zai biya duk abin da Auta ke bukata har da 'yar ragowa. Baba ya ce masa tana da ciki. Mutumin ya yi dariya ya ce ya gani, ciki ai ƙarin nauyi ne.

Dillalin tsohon mahauci ne, ya san Baba tun a kwata. Ya matso ya rage murya ya ce, Likita, yau ba kai ke duba ba, kai ke sayarwa, ka karɓi kuɗinka ka juya baya, abin da ya faru a Kudu ba ruwanka. Ni ma abin da ke raina ke nan, ko da yake ban faɗa ba. Rajista saura mako guda a rufe.

Baba ya ce a ba shi lokaci kaɗan. Ya je inuwar wata rumfa ya zauna a kan benci, ya sayi ruwa ya sha. Ana ta loda shanu a tirela a gabanmu, ana murɗa musu wutsiya suna hawa. Da ya taso sai ya wuce dillalin da mai jakar, ya tsaya gaban Baffa.

"Mai sanda, kai za ka saya."

Baffa ya ce shi ba shi da kuɗi, kuɗinsa suna tafiya da ƙafa huɗu. Baba ya ce to ya sayar da mai ƙafa huɗu ɗaya. Baffa ya ce a bazara? Mahaukaci ne kawai ke sayar da sa a bazara. Baba ya ce ya sani, shekara nawa yana wannan haukar.

Na ɗauka abota za ta sa a gama nan take. Ba haka aka yi ba. Sun yi ciniki kamar ba su taɓa ganin juna ba. Baffa ya ce saniyar ta tsufa, haƙoranta sun fara cinyewa. Baba ya ce shi ya saye ta tana karsana, ya san shekarunta fiye da na 'ya'yansa. Baffa ya ce nononta kaɗan ne. Baba ya ce mutumin da ya yi shekaru yana tatsa bai taɓa kawo ƙorafi ba sai yau. Baffa ya ce in ta mutu wajen haihuwa fa? Baba ya ce shi zai zo ya karɓi haihuwar da hannunsa. Mutane suka fara taruwa suna dariya, mai jaka ya gaji ya tafi, dillali ya bi shi yana cewa Likita har ya tsufa bai san kasuwa ba. Sai wajen la'asar Baba ya ce ya sallama. Baffa ya aika aka koro wani bijiminsa da ke kusa, ya sayar wa masu tirela a farashin bazara, yana ta mita, ya ƙirgo kuɗin ya ba Baba. Sun gaza tayin farko nesa ba kusa ba.

Baffa ya juya da saniyar ta hanyar da suka zo da ita da safe. Igiyar ma ba a sauya ba. Baba ya tsaya yana kallonsu har suka shiga cikin sauran shanu, sannan ya ce mu tafi kada mu yi dare. A hanya da muka hango duwatsun Jalingo ya ce in rage gudu, akwai rami a gaba.

Giɓin da ya rage Mama ce ta cike yawancinsa. Ta roƙi matan zumunta na cocinmu suka matso mata da kwasar adashinta gaba, ni kuma na karɓi rancen albashi. Duk da haka Auta ba ta kama ɗaki ba a shekarar, a katifar wata ƙawarta ta raɓa, garin rogo da ƙuliƙuli suka kai ta ƙarshe. Ba mu gaya mata zancen tayin mai jaka ba. Daga baya ta ji a bakin Mama, ta ce da an tambaye ta, ita ma raɓawar za ta zaɓa.

Farar saniya ta haihu bayan ruwa na biyu, mace. Baffa ya aiko, Baba ya je ya duba kamar yadda ya yi alkawari, ya dawo ya ce lafiya lau, ta biyo uwarta. Ya ci gaba da zuwa rugar yana yi wa garken allura ba ya karɓar ko kwabo, ko da yake ba shi da ko kofato a ciki. Mama ta yi magana sau ɗaya, ya ce ya saba. Gonar hanyar Iware da fartanya ya noma abin da ya iya, sauran ya ba wani maƙwabci aro. Fansho ya fara zuwa daga baya, wata ya zo wata ya tsallake. Karkiyar nan tana bayan ɗaki har gara ta fara cinta, Mama ta sa a murhu.

Auta ta gama. Ta yi hidimar ƙasa, ta dawo Jalingo ta sami aiki kafin shekarun casa'in su ƙare. Ba ta saya wa kanta komai ba sai takalmi. Da ta tara abin da take ganin ya isa, wajen ƙarshen damina, ta zo ta ce wa Baba tana so ya raka ta rugar Baffa, za ta saya masa 'yar farar saniya, wadda a lokacin ta zama karsana.

Na zaci zai ƙi, don bai taɓa son karɓa daga hannunmu ba. Ya ce garma dai ta wuce shi, gwiwoyinsa ba za su bi shanu a kunya ba yanzu. Auta ta ce ba ta ce ya yi noma ba, ta ce ya sami abin da zai je ya duba wanda yake nasa. Ya tambaye ta ko ta gaya wa Baffa. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba.

"To kada ki gaya masa. Yanzu ta ƙoshi, zai tsuga miki kuɗi. Ki bari sai bazara."

Ya kuma ce kada ta ajiye kuɗin a ɗaki, kada kuma 'yan ƙauye su ji. Ya ce ta sayi buhunan masara ta zuba a ɗakin Mama, in lokacin ya yi ta sayar.

Haka aka yi. Da zafi ya tsananta, garke ya gangara bakin kogi, muka je mu uku, Auta a motar kasuwa, ni da Baba a babur. Baffa ya tsufa, 'ya'yansa ke kiwon, amma ciniki bai bar wa kowa ba. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya dubi sararin sama da ba ko gajimare, ya dubi Baba, ya ce Kaɗo, da gangan ka jira. Baba ya ce karsanar ta rame, dubi haƙarƙarinta. Baffa ya ce uwarta ta fi kowace nagge nono a garken. Baba ya ce ba haka ya ji ba ranar da ya sayar masa da ita. Auta ta zauna a kan tabarma, matar Baffa ta kawo mata nono a ƙwarya, ta sha tana jiransu su gama.